Malam Ƙoshi a Shekarar Fari

A shekara ta biyu ta farin nan da ya durƙusar da ƙasar Gobir, lokacin da gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe a tsaye, duk mai ƙafa a Tsamaye kudu yake kallo, wajen neman abin kai wa baki. Mutum ɗaya ne ya yi akasin haka. Shi ne Kalilu, wanda ya daɗe a Kaduna, ya diro daga bayan a-kori-kura da jaka a kafaɗa, da riga da wando shuɗɗa irin na 'yan ƙwallo, da farin kambas, da usur rataye a wuya.

Aikinsa a Kaduna gadi ne, a ƙofar wani gida da manyan mutane ke zuwa su yi gudu su yi zufa don tumbinsu ya ragu. Ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa, wani lokaci a miƙo masa tawul ya riƙe. Amma in ka ji labarin daga bakinsa, shi ne ya horar da rabin masu kuɗin birnin, kuma da zai taho har da masu hawaye.

Ya sauka a zauren gwaggonsa Hajjo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ba a kai ƙararta ko'ina don ita ke fara kai taka. Washegari bayan azahar ya sami dattawa a inuwar bishiyar bedi ƙofar masallaci, ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu.

"Na zagaya garin ga," in ji shi, "kuma na gano ciwonku."

Wada ne ya amsa, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barin maganarsa ta faɗi ƙasa. "Mu ma mun gano shi. Ruwa ne ba a yi ba."

"Rashin sani ne. Dubi ɗiyanku, kowane kwance a inuwa. Ba su motsa jiki, ba su san tsarin cin abinci ba. Abin ga tun yaro na ƙarami aka fara shi. Za ni buɗe makarantar ƙarfi da kuzari, kyauta, don Allah da zumunci. Daga yau ku kira ni Koci."

Wani tsoho mai nauyin kunne ya tallabe kunnensa. "Mi yac ce a kira shi?"

"Koci, Baba!"

"Ƙoshi?" Tsohon ya ɗaga hannu sama. "Allah shi kawo muna shi."

Kafin magariba duk Tsamaye ta san an yi baƙo mai suna Malam Ƙoshi, kuma gobe zai yi wa yara maganar abinci a masussuka.

Maganar abinci kawai yaran suka ji. Da hantsi masussukar nan, wadda tun bara ba a zuba mata zangarniya ɗaya ba, ta cika da yara, kowa da ƙoƙo da ludayi. Kalilu ya ga taro, ƙirji ya buɗe. Ya busa usur, ya jera su, ya ɗauki tsinke ya zana ƙaton da'ira a ƙasa.

"Wanga faranti ne," in ji shi. Ya raba shi gida-gida. "Nan nama, ko kifi, ko ƙwai. Nan ganye. Nan lemu da ayaba. Nan tuwo, ɗan kaɗan. Ga kofin madara a gefe. Haka yaro ka ci safe da rana da dare in ana son shi ginu."

Yara suka matso suka zagaye farantin, suna haɗiyar yawu. Zulaihatu, 'yar Wada, yarinya ƙarama mai bakin ubanta, ta ɗaga ludayi.

"Baba Ƙoshi, yaushe za a sauke?"

"A sauke mi?"

"Abincin."

"Ke, wanga misali ne."

"To misalin da miya aka cin shi, ko gaya?"

Wada, wanda ya jingina da kututture yana kallo, ya ce, "Taubashi, tunda hannunka na da albarka haka, zana mini cinyar rago in kai wa mai ɗakina."

Kalilu ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga yatsa. "Yanzu ga babban gargaɗi. Abokin gabar yaro shi ne cika ciki. Kar ku ci har ku ji nauyi. Ku guji zaƙi. Ku guji maiƙo."

Yara suka dubi juna. Wani ɗan ƙarami a baya ya tambayi na kusa da shi ko mene ne maiƙo. Daidai nan Gwaggo Hajjo ta zo wucewa da ɗaurin kara a ka, ta tsaya ta saurara.

"Kalilu," ta ce, "wanga darasi kam kar ka wahal da kanka. Tun bara sunka haddace shi."

Daga nan sai gudu. Ya sa su zagaya masussuka, ya sa su tsallen kwaɗo, ya sa su ɗaga hannu su taɓa yatsun ƙafa. Yara dai yara ne, an daɗe ba a yi wani abin dariya a garin ba, suka biye masa. Shi kuwa yana tsaye a tsakiya yana busa usur, don a cewarsa koci ba ya gudu, ƙwaƙwalwa yake bayarwa.

Sakamakon bai jira gobe ba. Iyaye mata da ma da gangan suke kwantar da yara a inuwa, don ɗan kunun safe ya kai su yamma. Ran nan tun kafin azahar yara suka dawo ciki na kuka, suka buɗe tukwane, suka side abin da aka ajiye don dare. Da la'asar Kalilu na kishingiɗe a zaure sai ya ji hayaniya. Ya leƙo, ya ga matan unguwa, kowace riƙe da hannun ɗanta.

"Malam Ƙoshi, kai ka buɗe cikin, sai ka fito ka cika shi!"

"Wannan alamar nasara ce," in ji Kalilu daga bayan asabari. "Jiki ya fara aiki."

Gwaggo Hajjo ta fito daga cikin gida da akushin tuwon dawar da ta ajiye masa. Ta wuce shi, ta dire akushin a gaban yara. Kafin ya buɗe baki an sude har murfin.

"Gwaggo, ai nawa ne!"

"Kai kac ce a guji cika ciki. Taimakonka nika yi."

Haka ta mayar da abin al'ada. Duk ranar da aka ji usur, tuwon Kalilu na yara ne. Wandon nan shuɗi ya fara neman ƙarin ɗauri.

Yunwa ta ba shi sabuwar dabara. Ya tuna manyan Kaduna kan ci ɗanyen ganye a faranti kafin abinci, suna ce masa salak. Sai ya kwashi yara wata safiya ya nufi ƙoramar da ta ƙafe a gabas da gari, Wada na biye don kar kallo ya wuce shi. Tafasa da yaɗiya da duk wani ganyen da ake ci, mata sun tsince shi tun yana toho. Abu ɗaya ya rage kore shar a bakin gaɓa, wanda ko awaki sun bi ta gefensa.

"Ku dubi arziki an bar shi banza!" in ji Kalilu. "Mutane na kukan yunwa ga salak har gwiwa!"

Filasko ne. Babu yaron da bai san shi ba, don babu wanda uwarsa ba ta taɓa danne shi ta ɗura masa ruwansa ba ranar da ciki ya ɗaure. Zulaihatu ta buɗe baki.

"Baba Ƙoshi, wanga ai fi..."

Wada ya toshe mata baki da tafin hannu. "Ke, ba a katse malami in shina karatu."

Kalilu ya tsinko cike da hannu, ya barbaɗa ɗan gishirin da ya ƙullo a leda, ya cusa. Ya tauna, fuska ta so yamutsewa, ya gyara ta. Ya ƙara wani. Ya miƙa wa yara, suka ja da baya gaba ɗaya.

"Mun bi darasinka," suka ce, "ba mu cika ciki."

"Tsoro ne irin na ƙauye. To ku kalli yadda aka yi." Ya ci rabonsa, ya ci rabon yara, ya gyatsa, ya ce jikinsa har ya fara jin bambanci.

Bambancin ya iso da la'asar, ana tsakiyar tsallen kwaɗo. Kalilu ya tsaya cak, usur a baki. Ido ya fito. Ya dafe ciki, ya dubi gabas, ya dubi yamma, sai ya zuba da gudun da ba a taɓa ganin irinsa a Tsamaye ba.

Wada ya ɗaga murya. "Yau koci da kanshi! Ku bi shi, tsere ne!"

Yara suka rufa masa baya suna ihu. Ya so ya ce su koma, amma usur na bakinsa, duk numfashin da ya fitar sai ya busa, kuma shi da kansa ya koya musu cewa busa a kai a kai na nufin a ƙara sauri. Ya yanki gonaki. Da shekarar arziki ce, da taku kaɗan gero ya rufe shi. Bana kuwa fili ne fetal, ba kara, ba sabara mai ganye, mutum na hango ɗan'uwansa tun daga nesa. Ya yi hagu, suka yi hagu. Ya yi dama, suka yi dama. Da ƙyar ya sami wani suri ya faɗa bayansa. Yara suka iso suna haki, suka tsaya suna jiran umarni.

"Ku juya baya!" muryarsa ta fito a shaƙe. "Ku rufe ido! Ku toshe kunne! Shi ne darasi na gaba!"

Ya yi kwanaki a kwance, yana gaya wa masu zuwa sannu cewa wanke jini ya yi da gangan, irin wanda manya ke biyan kuɗi a yi musu.

Da ya miƙe, sai ya ce saura ƙarfin damtse, kuma ba abin da ke kawo shi kamar jan igiya. Igiya doguwa ɗaya ce a garin, ta rijiya. Ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, har sai da unguwa ta haɗa hannu aka tufka mai tsawon da zai kai. Da rana tsaka, lokacin da bakin rijiya ba kowa, Kalilu ya kwance ta daga guga ya kai masussuka.

"Ku duka gefe guda," ya ce wa yara, "ni kaɗai gefe guda. A Kaduna da ƙarti nika yin haka."

Ya busa usur. Yara suka ja. Ga mamakinsa sai ƙafafunsa suka fara tafiya ba da izininsa ba. Ya ce a dakata zai gyara kambas, ya faki ido ya naɗa bakin igiyar a kututturen da ke bayansa, ya dawo ya riƙe yana murmushi. Aka sake ja. Wannan karon bai motsa ba. Har ya saki hannu ɗaya yana sosa ƙeya don su gani. Yara suka ji haushi, suka dage, suka ja da iyakar abin da ya rage musu. Igiya ta ce ɓas! Yara suka zube a kan juna, guntun da ya tsinke ya dawo ya tsala wa Kalilu a hanci.

Ana cikin haka Labbo ya iso. Makiyayi ne da ke zaune a gefen gari tun kakanni, yana noma yana kiwo, kuma farin nan ya cinye masa garken shanu sai 'yan ƙalilan. Ya kora su tun daga nesa zuwa rijiya, ya tarar da guga ba igiya, ya biyo sawu.

"Kai, Ƙoshi! Igiyar mutane ce wagga?"

"Labbo, igiyar ce ba ta da inganci. Da ma gwada ta nika yi."

"Nagge na can tana lasar bakin rijiya, kai kana nan kana gwaji? To zo in ɗaura ka a guntun in zura ka, mu gwada naka ingancin."

Magana ta kai gaban mai gari Halliru. Ya saurari kowa, ya yanke cewa wanda ya tsinka shi zai saya. Aka duba dukiyar Kalilu, ba a sami abin da kasuwa za ta karɓa ba sai kambas. Labbo ya tuɓe su da hannunsa, ya kai kasuwar Sabon Birni ya musanyo igiya. Kalilu ya dawo gida ba takalmi, yana gaya wa duk wanda ya kalli ƙafarsa cewa manyan masu gudu na duniya haka suke yi. Tsakanin ƙofar mai gari da zauren Gwaggo ya tsaya cire ƙarangiya ya fi a ƙirga.

Ba a daɗe ba labari ya zo daga Sabon Birni. Wata ƙungiyar agaji na zagaya ƙauyukan Isa da Sabon Birni tare da jami'ar lafiya, suna duba yara. Inda suka ga abin ya fi tsanani, nan za su sauke hatsi su buɗe wurin ciyarwa. Hatsin kuwa ba zai ishi kowane gari ba. Mai gari ya tara jama'a ya ce ranar da za su zo, kowace uwa ta kawo ɗanta ƙofar gidansa yadda yake, ba kwalliya, ba ƙarin gishiri, don abin da ke akwai ma ya isa shaida.

"Kai kuma Kalilu," ya ce, "ranar nan ka zauna zaure. In na ji ƙarar usur, kai da Tsamaye sai a labari."

"Ranka shi daɗe, na ji."

Ya ji ɗin, amma ya fassara. Baƙi masu maganar lafiyar yara, wa suka zo nema in ba shi ba? Labarin makarantarsa ne ya kai birni. Mai gari hassada ce ke damunsa, yana so ya nuna wa manyan baƙi yara a yamutse, a ce Tsamaye ba ta ci gaba ba. Su kuwa in suka ga aikinsa, ba makawa su naɗa shi kocin Gobir gaba ɗaya, da babur da sabon kambas.

Ranar da aka sa, tun iyaye mata na wajen neman ruwa, ya bi gida-gida ta baya yana raɗa wa yara cewa baƙi za su raba alewa, amma sai ga masu ƙarfi. Ya kai su bayan gari ya shiga aiki. Ya cusa musu tsumma da busasshiyar harawa a hannun riga har damatsa suka tashi. Ya kwaso ɗan man gyaɗar da Gwaggo ke ɓoyo a kwalba ya shafe musu fuska suka yi ƙyalli. Ya ba kowa ƙwallon aduwa biyu ya sa a kumatu. Shi ma ya cika ƙirjinsa da kafaɗunsa da harawa, ya ja zif har wuya. Ya koya musu amsa, sannan ya jera su a mararraba, inda mota za ta fara isowa kafin ta shiga gari.

Da hantsi farar mota ta ɓullo. Kalilu ya shiga tsakiyar hanya ya busa usur, ya ƙame ya sara. Mota ta tsaya. Wata mata mai tabarau ta sauko, Malama Jamilatu, jami'ar lafiyar, da gajiyar hanya a fuskarta.

"Barka da zuwa, Hajiya! Koci Kalilu, shugaban makarantar ƙarfi da kuzari! Yaran Tsamaye, yaya kuke?"

"Mun ƙoshi!" suka amsa da kumatu cike, kamar an same su a tsakiyar loma.

"Mi kunka ci yau?"

"Nama da ƙwai da madara da lemu!"

Direba ya leƙo ta taga. "Hajiya, ko mu ma mu sauka a sam mana?"

Malama Jamilatu ta dubi fuskoki masu sheƙi da damatsa tulu-tulu, ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Tun da muka baro Isa ban ga abin da ya sanyaya mini rai ba sai yau. Jiya a Tozai da ƙyar na iya barci. Malam, Allah ya saka maka. Tunda ku Allah ya rufa muku asiri, bari mu wuce Unguwar Lalle, an ce can abin ya yi muni."

Ta juya ta kama ƙofar mota. Kalilu na ta washe baki, sai can ya lura ba a ambaci babur ba.

Ƙarar usur kuwa ta riga ta kai ƙofar mai gari, inda aka shimfiɗa tabarmi, iyaye mata suka taru, aka nemi yara sama da ƙasa aka rasa. Sai ga gari ya taso gaba ɗaya. Mai gari a gaba, rawani na warwarewa yana jan sa a ƙasa. Gwaggo Hajjo da muciya. Labbo da sanda. Awakin gari ma, da suka ga kowa na gudu, suka biyo baya. Wada ya riga kowa, ya zo ya kwanta a gaban tayar mota.

"Taubashi, ka kashe mu! Hatsin ne ka juyawa!"

"Hajiya, kar ki kula su," in ji Kalilu, "ba su san ci gaba ba. Ba ki ga komai ba tukuna. Tsaya ki ga hasumiya!"

Kafin wani ya kai gare shi ya durƙusa, gwiwa da tafin hannu a ƙasa, ya busa usur. Yara suka hau yadda ya koya musu, manya a gefensa, matsakaita a bayansu, Zulaihatu a can ƙoli ta buɗe hannuwa. Nauyin duka bai kai buhu guda ba, amma hannuwan Kalilu suka fara rawa.

Awaki ne suka ƙarasa aikin. Rabonsu da ƙanshin harawa tun kaka. Wata baƙar akuya ta matso ta shinshina wuyan Kalilu, ta cafko tsinken da ya leƙo, ta ja. Ƙirjin koci ya biyo ta. Sauran suka ga abin da ake ciki, suka rufar wa hasumiya, wannan na jan damtsen wancan yaro, waccan na cusa kai a hammatar wani. Yara suka fashe da dariyar cakulkuli, ƙwallayen aduwa suka yi ta fitowa daga bakuna suna faɗuwa. Kalilu ya ɗaga hannu ɗaya don ya kori akuya, ɗayan ya ƙi ɗaukar aikin biyu. Hasumiya ta rushe a kansa, usur ya yi wani ɗan kuka a ƙarƙashin tarin yara ya yi shiru.

Labbo ya cafe Zulaihatu kafin ta kai ƙasa. Yara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, hannuwan riga sun zama fanko, kumatu sun koma inda suke.

Malama Jamilatu ta saki ƙofar mota. Ta tako ta tsuguna gaban Zulaihatu, ta naɗe mata hannun riga, ta zagaye damtsen da babban yatsa da manuni, har da sauran wuri. Ta duba na kusa da ita, ta duba na gaba.  Wata uwa ta ja gefen zane ta rufe fuska.

"'Yata, gaya mini gaskiya. Me kika ci yau?"

"Misali," in ji Zulaihatu.

Sai da Wada ya tashi daga gaban taya ya yi bayani tun daga farantin ƙasa har zuwa igiya. Malama Jamilatu ta cire tabarau.

"Yaran nan ake sa wa gudu? A haka? Wa ke sa su?"

Muciyar Gwaggo da sandar Labbo da yatsan mai gari suka nuna wuri ɗaya. Kalilu na zaune a ƙasa, akuya na ƙarasa cin kafaɗarsa ta hagu.

"Malam," ta ce, "motsa jiki abu ne mai kyau, amma sai akwai jikin."

"Hajiya, farkon horo ne. In sun kammala haka za su zama." Ya zage zif, ya tuɓe riga, ya lanƙwasa hannu don ta ga damtse. Ta duba, ta duba haƙarƙarin da ke jere ana iya lissafa su daga nesa, ta juya wajen mai gari.

"Za mu sauke a nan. In an fara dama kunu, a riƙa ba wannan ma."

Aka kafa rumfa a ƙofar mai gari. Kullum ana dama kunun gero da gyaɗa, ana dafa wake, wani lokaci a sami garin zogale a barbaɗa. Gwaggo Hajjo ce shugabar tukwane. Ta karɓe usur ta rataya a wuyanta, da shi take kiran layi, da shi kuma take kiran Kalilu, wanda mai gari ya ɗora wa ɗiban ruwa da faskaren itace. In an zo rabo sai ya zauna a ƙarshen layi, bayan 'yan yaye, yana gaya musu su riƙa sha a hankali, alhali nasa ƙoƙon ne ke fara ƙarewa.

Bayan 'yan makonni kumatu suka fara dawowa ba tare da aduwa ba. Wata yamma Kalilu ya sauke ɗaurin itace ya zauna kusa da Wada yana haki. Can a masussuka yara ne ke ta langa, 'yan mata na gaɗa, wasu na tsere har bakin ƙorama su dawo, ba wanda ya tara su, ba wanda ya ce su fara. Kalilu ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai.

"Ka gani ko, taubashi? Horona ne ya fara kamawa. Kuma in ba don hasumiyar nan ba, da motar ta wuce. Duk a cikin tsari yake."

"Gaskiya ne," in ji Wada. "Horon naka na da kyau ƙwarai. Sai dai ba shi kamawa sai ka daina shi."

"Ai haka manyan magunguna suke." Kalilu ya miƙe ƙafa, ya cire wata ƙarangiya daga diddige. "Tsamaye kam na gama da ita. Yanzu Tozai nika tunani. An ce yaransu ba su da mai jagora. Jibi za ni leƙa in ga fili."

 Wada ya tashi ya kaɗe riga, ya nufi gidan mai gari aron keke ya riga shi isa, don yana da surukai a Tozai, kuma mutanen kirki ne, ba su yi masa laifin komai ba.